Waɗanda Suka Zo Suka Zauna: Waiwaye Kan Sistocin Yamai

Idan da lissafin ɗan kasuwa za a yi wa mishan ɗin Katolika a Nijar, da tuni an ce jari ya karye. A shekarar 1931 Fada François Faroud ya kafa gidan mishan na farko a Yamai. Yau an haura shekara 90, amma Kiristocin ƙasar baki ɗaya, Katolika da sauran ɗariƙu, ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, kuma da yawansu asalin iyayensu daga Benin, Togo ko Burkina Faso ne. To amma ka zaga ma'aikatun gwamnati da ke Filato, ka leƙa asibitin haihuwa na Issaka Gazobi, ka haye gada zuwa Jami'ar Abdou Moumouni, ka tambayi matan da suka yi furfura a bakin aiki inda suka fara riƙe alli da allo. Za ka sha jin amsa guda: "Wurin sistoci." Mai ba ka amsar kuwa sau da yawa hajiya ce, carbinta a hannu, kuma ba ta ganin wani karo tsakanin wannan da wancan.

Ta yaya matan da suka zo a inuwar mulkin mallaka, ba miji ba ɗa, suna bin addinin da garin bai karɓa ba, suka kai ga uba Musulmi ya kama hannun ƴarsa ya kai musu da kansa? Kuma me ya rage na wannan yarda a Yamai ta yau, wadda ta ga an cinna wa majami'u wuta da rana tsaka?

Yamai ɗin da Faroud ya tarar ba birni ba ce. Shekara biyar ke nan kacal da aka ɗauke fadar mulki daga Damagaram aka kawo ta bakin kogin Isa, a 1926. Ƴan unguwanni ne na laka da zana, irin su Gaweye, Kalley, Maourey da Zongo, Turawa kuma suna can bisa tudun Filato, kwarin Gunti Yena ya raba su da talakawa. Ita kanta 1931 shekarar fara ce da yunwa a yammacin ƙasar. Katolikan farko da suka zauna a bencin coci ba ƴan ƙasa ba ne. Akawuna ne da magina da makanikai da Faransa ta kwaso daga Dahome da Togo. Faroud ɗan ƙungiyar SMA ne mai cibiya a birnin Liyon, ƙungiyar da ta daɗe da gane cewa a Afirka ta Yamma namiji baƙo, ko da limamin coci ne, iyakarsa zaure. Shi ya sa tun 1876 shugabanta Augustin Planque ya kafa ƙungiyar mata ta Notre-Dame des Apôtres, don su shiga inda maza ba sa shiga. Sistocinta na cikin waɗanda suka yi aiki a Yamai, wasu ƙungiyoyin kuma suka biyo baya daga Faransa da Kanada, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da limaman Rédemptoristes suka karɓi ragamar mishan ɗin.

Kada mu yi wa kakanninmu kallon marasa wayo don sun guji waɗannan baƙi. Gaskiya ne Faransa ta raba addini da mulki tun 1905, kuma masu mulkinta na bariki ba su cika son ƴan mishan su tayar musu da ƙura a ƙasar Musulmi ba. Amma talakan da ake kamawa aikin dole, wanda ba a soke ba sai 1946, ina ruwansa da wannan bambanci? Shi dai ya ga anasara a bariki, ya ga anasara a coci, harshensu ɗaya, hanya ɗaya ta kawo su. Lakwal kuwa, ko ta gwamnati ce, gudunta ake yi. Labarin yaran da aka ɓoye cikin rumbu ranar da masu ɗaukar ƴan makaranta suka shigo gari, da na sarakunan da suka tura ƴaƴan barorinsu a madadin nasu, kowane yanki na da irin nasa. Da ƙasa ta sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke makarantar boko ba su kai 5 cikin 100 ba, rabon ƴan mata a ciki kuwa ba a ma magana.

Cikin wannan hali makarantar Mission Filles ta tsaya a tsakiyar gari, aka sami École Canada wadda sunanta ma ya faɗi inda masu ita suka fito, sannan a farkon shekarun 1960 aka buɗe kwalejin Mariama domin ƴan mata, Kanada ta sa hannu wajen gininta. Abin da ya fara jan hankalin iyaye ba littafi ba ne, ƙofa ce. Makarantar sistoci tana da ƙofar da ake rufewa, da ƙararrawar da ba ta latti, da mata a gaban aji. Uban da ke tsoron ƴarsa ta lalace a hanyar lakwal ya ga gida ne inda ake duba farce da kitso da tsabtar riga, ake koyar da ɗinki da saƙa da renon jariri tare da lissafi da Faransanci. Gwaggona, wadda ta yi karatu a hannunsu a zamanin mulkin Diori Hamani, takan ce maƙwabta sun yi wa kakanmu caa: "Haba Malam, ka kai yarinya gidan anasara? Sai sun raba ta da salla." Shi kuwa ya ce: "Da asuba tana gabana da allonta, da magariba tana gabana. Ranar da na ga ta sake, ni da kaina zan cire ta." Bai cire ta ba. Azumi ya zo ta yi azuminta, ta sauke Alƙur'ani, ta ci jarrabawa. Da shekaru suka ɗan ja, sai ga ƴaƴan masu surutun a layin rajista.

Wannan ba dace ba ne kawai, zaɓi ne aka yi. A 1961 Yamai ta zama dayosis, Hippolyte Berlier ya zama bishop na farko. Shekara guda bayan haka aka buɗe babban taron Vatikan na biyu, wanda a 1965 ya fitar da takardar Nostra Aetate, inda cocin ya bayyana a hukumance cewa yana girmama Musulmi. Berlier da mutanensa sun karanci ƙasar da suke ciki. Sun gane cewa a Nijar coci ba zai yi yawa ba. Abin da zai iya zama shi ne maƙwabci mai amfani. Darasin addinin Kirista na ƴaƴan Kirista ne. A ɗakin shan magani ba a tambayar mutum alƙiblarsa kafin a ba shi kinin. Shi kansa Berlier, da ya sauka daga kujera a 1984, bai koma Faransa ya huta ba. Arewa ya nufa, ya ci gaba da zama cikin Abzinawa a yankin Agadas. Wani zai ce ai dabara ce, wa'azi ne da hannu maimakon baki. Ba na musun cewa imaninsu ne ya kawo su, kuma da sun sami masu bi da sun yi murna. Amma dabarar da aka shafe shekara 60 ana yi, ba ta kawo abin da ake zargin ana nema ba, kuma ba a fasa ba, ta cancanci a sake mata suna.

Abin da ya fi ɗaure wa matan gari kai ba addinin sistoci ba ne, zamansu ne ba aure. Sista takan ɗauki alkawari uku: ba za ta mallaki dukiyar kanta ba, ba za ta yi aure ba, kuma za ta tafi duk inda aka tura ta. A ƙasar da ake cewa darajar mace ɗakinta, inda ake auna arzikin tsohuwa da yawan jikokinta, wannan abu ne da hankali ba ya ɗauka, Musulunci kuma bai zo da ƙaurace wa aure don ibada ba. Tsohuwa takan kama hannun sista a bakin ɗakin magani ta tambaye ta cikin tausayi: "Ƴar nan, in kin tsufa wa zai ɗauke ki?" Amma sannu a hankali suka lura da wani abu. Macen da ba ta da mai gida da ke jiran tuwo, ba goyo, ba biki ba suna, ita ake samu da ƙarfe biyun dare idan yaro ya shiɗe. A buga ƙofa a ce "ma sœur", ta fito da fitila. Ba wadda ta so ƴarta ta zama sista, amma kowacce ta san amfanin samun guda a unguwa.

Ƴan matan da suka tashi a hannunsu kuwa sun ga abin da ba su saba gani ba: mace tana tuƙa mota, tana riƙe littafin kuɗi, tana tsayawa gaban magini ta ce bangon nan bai miƙe ba, a rushe. Ba su kwaikwayi rashin auren ba, sun yi aurensu sun hayayyafa. Abin da suka ɗauka shi ne sanin cewa mace na iya riƙe ma'aikata, maza su yi aiki a ƙarƙashinta, sama ba ta faɗo ba.

Sai fari ya zo. A 1973 da 1974 makiyayan da dabbobinsu suka ƙare suka kwararo Yamai daga arewa, har daga Mali, aka tara dubbansu a sansanin Lazare, wanda a lokacin bayan gari ne. Yau Lazare unguwa ce cike da gidajen siminti, yaran da ke buga ƙwallo a cikinta ba su san abin da ƙasar wurin ta gani ba. Mishan ɗin Katolika da ƙungiyarsa ta agaji, Caritas, suna cikin waɗanda suka tsaya a sansanin, ana dama kunu ana rabo, ana fama da ƙyanda da zawo. Yunwar nan tana cikin abin da ya ci gwamnatin Diori Hamani a Afrilun 1974, lokacin da Seyni Kountché ya karɓi mulki. A 1984 wata ta sake dawowa, wadda aka laƙaba wa El-Buhari don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya.

A waɗannan shekaru aikin sistoci ya ƙara fita daga aji ya shiga tsakar gida. Uwa ta zo da yaro mai tamowa, gashi ya yi ja, ƙafafu sun kumbura. A ɗora shi a sikeli, a rubuta a kati. Ba a tsaya ga ba shi madara ba. A zaunar da uwar a nuna mata yadda za ta ƙara wa kunun gero garin wake da ƙuli-ƙuli da ɗan mai, duk abin da ke akwai a kasuwar unguwa. A ce ta dawo mako mai zuwa. In ba ta dawo ba, a bi ta gida. Bin gidan nan shi ne asirin aikin, shi ne kuma abin da ba ya shiga rahoto. Sistocin Uwa Teresa ta Kalkata, masu farin mayafi da bakin shuɗi, sun zauna a Saga suna karɓar waɗanda kowa ya gaji da su. Su kuwa Petites Sœurs de Jésus, masu bin tafarkin Charles de Foucauld da aka kashe a Tamanrasset a 1916, nasu salon daban ne: ba su gina makaranta ba, ba su gina asibiti ba, sai dai su zauna cikin talakawa a irin ɗakinsu, ko cikin makiyaya a irin bukkarsu, su ci abin da ake ci, su koyi harshen da ake yi.

Daga baya zamanin furoje ya shigo. Yunwar 2005 ta kawo manyan ƙungiyoyin agaji da fararen motoci da kwaɓin gyaɗar nan na leda, Plumpy'Nut, wanda ya ceci dubban yara a Maraɗi da kewaye cikin ƴan watanni, abin da duk sistocin ƙasar ba za su iya ba ko sun haɗu. Wannan ci gaba ne, ba mai musu. Amma furoje yana da ranar buɗewa da ranar rufewa. Shekara uku, in an yi sa'a biyar, sai a yi taro a otal, a kwashe kwamfutoci, allon sunan ya yi tsatsa a bakin hanya. Sista kuwa takan auna jaririya, bayan shekara 20 ta auna ɗan wannan jaririyar. Mutanen unguwa ba sa karanta rahoto, amma sun san wanda ya san sunan kakarsu.

Duk da haka, akwai abin da ba zai yiwu a rufe ido a kansa ba. Da Faransanci zalla aka reni ƴaƴanmu, kuma a lakwal ta wancan zamani yin Hausa ko Zabarmanci a farfajiya laifi ne da ake rataya wa yaro alama a wuya saboda shi. An sami matan da ke rubuta wasiƙar ofis da Faransanci mai kyau amma ba sa iya rubuta wa uwarsu layi biyu da harshen da ta rene su da shi. Sai a 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ta mai da Faransanci harshen aiki. Ga kuma maganar kuɗi. Da farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980 aka shiga tsuke bakin aljihu, daga baya malaman gwamnati suka yi watanni ba albashi, aka yi shekarun da aka soke karatu ɗungurungum, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Makarantar gwamnati ta durƙushe, ta mishan ta tsaya da ƙafarta, duk mai hali ya ruga can. Makarantar da a da ake roƙon uba ya kawo ƴarsa ta koma wadda uba ke fafutukar a ɗaukar masa ƴa. Sunan Mariama ya zama abin tinƙaho, ƴar mai tallan kopto kuwa sai dai ta wuce ta bakin ƙofa da tirenta. Sistocin sun san da haka, amma ba a biyan malami da addu'a.

Kuma yanzu ba su kaɗai ba ne a fili. Ga makarantu masu zaman kansu a kowane lungu, ga na Faransanci da Larabci, ga makarantun Islamiyya na matan aure da suka bunƙasa tun shekarun 1990, ga malamai mata suna karantarwa a rediyo da talabijin. Uban da ke neman ƙofa mai rufuwa yau yana da zaɓi goma. Gardamar ko ƴa mace ta yi karatu, a Yamai dai, an gama ta, kuma waɗanda suka fara buɗe bakin wannan hanya suna da kaso a nasarar ko ba a ambace su ba.

Fuskokin ma sun sake. Gidajen sistoci a Faransa da Kebek ta Kanada sun tsufa, ƴan matan can sun daina shiga. Waɗanda suka zo da ƙuruciyarsu a zamanin Diori sun koma gida da sanda. Sistar da za ka tarar yau a Yantala ko Banifandu ko Harobanda galibi baƙar fata ce daga Burkina, Benin, Togo ko Najeriya, ko kuma ƴar Indiya, tana kan babur ɗinta, tana ciniki a kasuwa da Zabarmanci ko Hausa. Tafiyar Turawan ta tafi da wani abu: dangi da majami'un garuruwansu da ke aiko da kuɗi da kwalayen magani. Sista ƴar Afirka ba ta da kawu a Liyon, nata dangin ma taimako suke nema. Can sama ma haka: a 2014 Laurent Lompo, Bagurme daga yankin Makalondi, ya zama ɗan Nijar na farko da aka naɗa babban bishop na Yamai.

Inda sauyin ya fi fitowa fili shi ne Maraɗi, wadda ta zama dayosis ta biyu a 2001. A 2006 Marie-Catherine Kingbo, wadda ta taɓa shugabantar tsohuwar ƙungiyar sistocin Senegal ta Filles du Saint-Cœur de Marie, ta kafa Fraternité des Servantes du Christ, ƙungiyar sistoci ta farko da aka haifa a ƙasar Nijar. A Tibirin Gobir da ƙauyen Ɗan Bako suka buɗe makaranta da wurin kwanan ƴan mata da cibiyar kula da masu tamowa. Ba ta tsaya bayan katanga ba. Takan tara limamai da masu gari da matan ƙauyuka a zauna a yi maganar auren wuri, a ƙasar da alƙaluman UNICEF ke cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Baturiyar 1950 ba za ta iya zaunar da liman ta yi masa wannan magana ba, da an ce anasara na zagin al'ada. Ita kuwa ta fito daga ƙasar da Musulmi suka fi yawa, ta san yadda ake durƙusa wa babba a gaya masa gaskiya. Ta rasu a 2021, ƙannenta na ƙungiya suka ci gaba.

Garin kansa ya sake, har a tufafi. A shekarun 1960 sista na cikin matan da suka fi kowa rufe jiki a titin Yamai, doguwar riga har ƙasa da lulluɓi, matan gari kuwa zane da riga da ɗankwali. Bayan taron Vatikan sistoci suka rage nasu, wasu suka koma atamfa da ɗan kallabi. Daga shekarun 1990 kuma hijabi ya game gari, yau ɗalibar ta fi malamarta lulluɓi. Wannan ba aibi ba ne. Amma ya zo tare da zamanin da kowa ke ƙara jan layi tsakanin nasa da na wani, kuma abin da aka yi a wata duniya ke iya tada gobara a tamu. A Nuwamban 2000 zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe ta taɓa majami'u a Maraɗi. A Satumban 2012 aka farfasa cocin Katolika na Damagaram saboda wani fim da aka yi a Amurka.

Sai Janairun 2015. Bayan harin da aka kai wa jaridar Charlie Hebdo a Faris, da tattakin da Shugaba Mahamadou Issoufou ya halarta a can, jaridar ta sake buga zanen Manzon Allah (SAW). Ranar Juma'a 16 ga wata Damagaram ta kama da wuta, aka ƙone mishan da makarantar sistocin Assomption. Washegari Asabar wutar ta iso Yamai. Mutum 10 suka mutu a garuruwan biyu, ƴan sanda suka ce majami'u 45 aka ƙone a babban birnin. Babbar majami'ar Katolika ta tsira ne don jami'an tsaro sun kewaye ta. Zafin ɓatancin na gaskiya ne, kowane Musulmi ya ji shi a ransa. Amma waɗanda aka huce a kansu ba su zana komai ba, kuma bencin makarantar da ya ci wuta, ƴaƴan Musulmi ne suka fi zama a kansa. A ranakun nan an kuma sami maƙwabta Musulmi da suka buɗe ƙofa suka ɓoye Kiristoci a ɗakunan matansu. Su ne suka tuna cewa sahabban da aka tsananta wa a Makka, wurin sarkin Kirista na Habasha suka sami mafaka.

Na daɗe ina ganin cewa girman gari na da hannu a abin da ya faru. Yamai mai mutum kimanin 30,000 a 1960 ta haura miliyan ɗaya a ƙidayar 2012. A ƙaramin gari kowa ya san hannun da ya yi wa ƙanensa allura. A birnin miliyan, saurayin da ya taso a sabuwar unguwa, ba lakwal ba sana'a, bai san wata sista ba; gicciye kawai ya gani bisa wani gini, aka ce masa na mutanen Faransa ne. Yardar da kakansa ya gina da idonsa ba ta sauko masa cikin gado ba. Kowane zamani sai ya gina tasa, kuma namu ya yi sakaci.

An sake gina majami'un, amma da dogayen katangu, da masu tsaro a ƙofa ranar Lahadi. A karkara abin ya fi muni. Daren 17 ga Satumban 2018 ƴan bindiga suka sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga, kusa da iyakar Burkina, bai sami kansa ba sai Oktoban 2020 a Mali. A can Mali aka riƙe Sista Gloria Narváez ƴar Kolombiya fiye da shekara huɗu. Gidajen mishan na ƙasar Gurma da na yankin Tera suka yi ta raguwa, mutanen ƙauyukan, Kirista da Musulmi, suka gudo Makalondi da Torodi da Yamai. Aikin da ya faro daga birni ya bazu daji, yanzu ya naɗe ya dawo birni tare da mutanen da ake yi dominsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, magani ya yi wuya, furoje da yawa suka tsaya, kafin shekara ta ƙare sojojin Faransa sun kwashe kayansu. Makarantun mishan kuwa suka buɗe tare da sauran makarantun ƙasa. Masu riƙe da su yanzu ƴan gida ne da ƴan maƙwabta, wahalar nan tasu ce.

Ba ina cewa kowa ya bar addininsa ba, ko mu tura ƴaƴanmu zaman rashin aure. Muna da namu tushen. Tun kafin Planque ya kafa ƙungiyarsa, Nana Asma'u ƴar Shehu ta tsara ƴan taru, jajinta suna bin ƙauyuka da malfa a ka suna karantar da mata. Muna da zakka, muna da waƙafi, har gwamnati ta kafa masa hukuma. Attajiranmu ba marowata ba ne, da wuya ka bi layi a Yamai ba ka ga masallacin da wani bawan Allah ya gina ba. Shugaba Bazoum ma, kafin juyin mulkin 2023, ya fara gina makarantun kwana na ƴan mata a karkara. Gini ba ya ba mu wuya. Abin da ke ba mu wuya shi ne wadda za ta zauna cikin ginin shekara 30, ta riƙe littafin kuɗi da gaskiya, ta sa a gyara famfo ranar da ya lalace, ta bi yarinyar da ta daina zuwa har gidansu, sannan in ta tsufa ta miƙa mabuɗi ga wadda ta horar. Sistoci ba su fi matanmu tausayi ba. Abin da suka fi mu shi ne tsarin da ke sa aiki ya wuce ran mai shi: in wannan ta mutu wata na nan tafe, da doka ɗaya, da littafi ɗaya. Mu kuwa sau da yawa in mai taimako ya rasu, magada su raba filin.

Ranar da wata ƙungiyar matan Musulmi a Bukoki ko Talladje ta riƙe ɗakin magani har jikanyar wadda ta kafa shi ta girma ta tarar da shi a buɗe, ƴar Kirista kuma ta shigo da ɗanta aka duba shi ba a tambaye ta inda take ibada ba, ranar ce za mu ce darasin ya shiga. Kafin nan, mafi ƙarancin abin da ke wuyanmu shi ne haƙƙin maƙwabtaka: mu gaya wa samarinmu ko su wane ne ke bayan katangar nan da abin da suka yi wa iyayensu mata, don kada wani ya sake tura su can da galan ɗin fetur.